Baba Ƙa'ida, Uban da Na Samu a Ɓangaren Gwamnati

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, muna tsakiyar zaman kwamitin lafiya na majalisar dokoki, magatakarda ya shigo ba tare da sallama ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya sunkuya ya yi wa shugaban zama raɗa. Shugaban ya ajiye alƙalaminsa, ya ce, "Baba Ƙa'ida ya riga mu gidan gaskiya." Ba wanda ya kawo shawarar a ɗage zama, ba wanda ya goyi baya. Kowa ya tattara takardunsa ya fita jiki a sanyaye. Da kana nan, Baba, da ka mayar da mu kujerunmu mun tashi yadda doka ta ce.

Ga wanda bai san shi ba, marigayin ɗan majalisa ne na jam'iyya mai mulki, kuma ya fi kowa daɗewa a zaurenmu. Ni kuwa 'yar adawa ce. Sunan nan ya samo shi ne don da wuya a yi zama bai miƙe ya ce, "Shugaba, a duba ƙa'ida" ba, har masu gadi da masu shara suka daina kiransa da sunansa na yanka. A takarda dai abokan hamayya ne mu. Amma tun da mahaifina ya rasu ban sake kiran wani Baba da zuciya ɗaya ba sai kai.

Ranar da aka rantsar da mu, na shiga zaure, na ga wata kujera mai kyau kusa da hanya na zauna. Can sai na ji mutum tsaye a kaina. Na ɗaga kai na ga dattijo mai furfura, tabarau a ƙarshen hanci, yana murmushi. Ashe kai ne. Ka ce, "'Yata, idan sauya sheƙa kika yi tun ranar farko, maraba lale. Idan kuwa ɓatan kai ne, naku ɓangaren yana can hannun hagu." Ka ɗauki jakata da kanka, ka raka ni har wurin zamana, ana ta dariya. Daga ranar nan sunana a bakinka ya zama 'Yar Adawa.

Ba a jima ba na yi jawabina na farko. Na yi kwanaki ina haddace shi a gaban madubi. Ina cikin zuba, na juya ina nuna wani ɗan majalisa da yatsa, sai ga ka tsaye: a duba ƙa'ida, mai jawabi da Kakaki ya kamata ta yi magana, ba da abokin aikinta ba. Zaren jawabin ya tsinke mini, na ƙarasa da ƙyar. Bayan an tashi ka iske ni a ɗakin shan shayi na cika na yi fam, ka jawo kujera ba tare da an gayyace ka ba. Ka ce, "Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da ni ban tashi ba, akwai masu jiran su yi miki ihu. Amma maganarki a kan asibitocin ƙauye gaskiya ce, ki sake faɗinta ranar Talata, ni zan yi shiru." Ranar Talata kuwa ka yi shiru, har ka ɗan buga tebur a hankali, 'yan jam'iyyarka suna harararka.

Sai da aka tura ni kwamitin lafiya, wanda kake shugabanta a lokacin, na san kai sosai. Masu kallon majalisa a talabijin suna zaton aikin shi ne hayaniyar zaure. Kai ka koya mini cewa aikin yana can ƙarshen baranda, a ɗakin nan mai dogon tebur da koren ƙyalle, inda na'urar sanyaya ɗaki ke ɗigar ruwa cikin bokiti, lasifika kuma sai an mare ta take aiki. Kullum kai ne farkon zuwa. Idan mambobi ba su cika adadin da za a fara zama ba, sai ka ɗauki waya ka bi su ɗaya bayan ɗaya: "Ranka ya daɗe, shayinka na hucewa, ƙasa kuma na jira." Idan minista ya zo amsa tambaya ya shiga kewaye-kewaye, ba ka katse shi. Sai ka cire tabarau ka yi ta gogewa har ya gama, sannan ka ce, "Madalla. To, yanzu sai amsar tambayar." Ban taɓa jin ka ɗaga wa wani murya a ɗakin nan ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya tsere maka ba.

Abin da ya ɗaure ni da kai har abada shi ne ƙudurin da na gabatar, wanda ke neman a wajabta wa kowane asibiti karɓar wanda ya yi hatsari ko ya ji mummunan rauni nan take, ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba. Ya tsallake karatu na biyu da ƙyar, aka miƙa shi ga kwamitinka. Ka sa ranar jin ra'ayin jama'a.

A cikin waɗanda suka zo akwai wata mata mai ɗinki. Mijinta magini ne, ya faɗo daga saman gini, abokan aikinsa suka yi ta yawo da shi a bayan mota daga wannan asibiti zuwa wancan, kowa na cewa sai da takarda, har rai ya yi halinsa a bakin wata ƙofa. Da aka kira ta, ta zauna gaban lasifika, ta ga fitilun 'yan jarida da manyan riguna, sai bakinta ya mutu. Ta kama bakin mayafinta tana murzawa. Wani daga cikinmu ya duba agogo ya ce a karɓi bayaninta a rubuce a wuce. Sai ka taso daga kujerar shugaba, ka zagayo tebur da sandarka, ka zauna a kujerar da ke kusa da ita. Ka tsiyaya mata ruwa. Ka ce, "Ƙanwata, rabu da waɗannan, ni za ki ba labari. Wane irin mutum ne maigidan naki?"

Ta ce, "Mai barkwanci ne. Ko da asuba sai ya tsokani yara."

Daga nan magana ta zo mata. Ta ba da labarin tiryan-tiryan, tana kallonka kai kaɗai, ɗaki ya yi tsit in ban da ɗigar ruwan nan cikin bokiti. Da ta gama ka ce mata, "Ba za mu iya dawo miki da shi ba. Amma kin yi wa matan da ba ki sani ba aiki yau." Na ga magatakarda, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana rubuta bayanan masifu iri-iri, ya juya baya yana share ido.

Amma tausayi bai hana ka sauraron ɗaya ɓangaren ba. Likitoci suka ce su ma tsoro suke ji, domin an sha kama ɗan'uwansu don ya yi wa mai rauni magani. Ni a lokacin gani nake duk uzuri ne. Kai ka ce doka mai ƙafa ɗaya ba ta tafiya. Muka zauna muna bin ƙudurin sashe-sashe, muna jayayya a kan kalma guda har shayi ya huce a sake dafa wani. Ka shigar da sashen da ke kare ma'aikacin lafiyar da ya ceci rai. Na ce ka rage wa ƙudurina kaifi, ka ce, "'Yar Adawa, wuƙar da ta cika kaifi kube take fara yankawa." A yau sashen nan shi likitoci ke riƙe da shi suna goyon bayanmu.

Zaɓe na ƙaratowa, sai manyan jam'iyyarka suka ga bai kamata 'yar adawa ta tafi da wannan suna ba. Mai tsawatarwa na masu rinjaye ya zo ofishinka, ya ce ka bar rahoton kwamitinka a kan ƙudurin ya kwana a aljihun tebur, bayan zaɓe sai su kawo nasu. Ba kai ka gaya mini ba, shi da kansa ya ba ni labari a wurin zaman makoki, idonsa jawur. Ya ce ka saurare shi har ya gama, ka ba shi shayi, sannan ka ce, "Ɗana, mai faɗowa daga gini ba ya jiran a gama zaɓe." Da ranar gabatar da rahoton ta zo ka miƙe a zaure, ka nemi izinin Kakaki, ka taka a hankali ka ajiye rahoton a kan tebur kusa da sandar majalisa, ka rusuna ka koma kujerarka.

Kafin wata ya ƙare aka yi wa kwamitoci garambawul. Aka ɗauke ka daga lafiya, aka ba ka kwamitin ɗakin karatu na majalisa, inda ake kai wanda ake so a manta da shi. Na je ofishinka raina a ɓace, na tarar kana kwashe littattafanka cikin kwali kana 'yar waƙa. Ka ce, "Kin san rufin ɗakin karatun nan yoyo yake? Tun zuwana nake neman wanda zai gyara shi, ashe ni ne." Kuma ka gyara shi. Ka riƙa kiran zama a kan kari kamar dai makomar ƙasa na rataye a kan kantocin littattafai, ka sa aka buɗe ɗakin ga ɗalibai. Ban taɓa jin ka ambaci waɗanda suka yi maka wannan da mugun baki ba.

Ƙudurin ya wuce karatu na uku kana kwance a asibiti, ciwon ƙoda ya ci ƙarfinka. Na zo maka da albishir da la'asar, na sami Mama, uwargidanka, tana ɓare maka lemo. Ka rame ƙwarai, amma tabarau na nan a ƙarshen hanci. Ban gama magana ba ka ce, "Sun taɓa sashen likitoci?" Na ce ba su taɓa ba. Ka lumshe ido ka ce alhamdu lillahi. Sannan ka ce kada in saki jiki, sai an sa hannu ya zama doka, kuma ko ya zama doka sai an bi asibitoci an ga ana aiki da shi. Har yau ba a sa hannun ba, Baba. Kullum ina bibiya, kuma ba zan gaji ba.

Da na je gida gaisuwa, Mama ta riƙe hannuna ta zaunar da ni kusa da ita a kan tabarma, cikin 'ya'yanta, ba cikin baƙi ba. Ta ce duk ranar da za mu kara a zaure, tun a wurin karin kumallo kake zagaya falo kana gwada amsoshinka, kana cewa, "Yau yarinyar nan za ta ba ni wahala, bari in shirya." Ta ce da fara'a kake faɗa, kamar mai ba da labarin 'yarsa ta ci jarrabawa. Ta kuma ce a safiyarka ta ƙarshe ka tambaye ta wace rana ce. Da ta ce Laraba, sai ka ce a goge maka farar rigarka, yau akwai zama. Ta ce, "To, Alhaji, bari ka ɗan huta tukuna." Ka ce to. Ita ce kalmarka ta ƙarshe.

Ya Allah, ga bawanka ya zo gare ka. Mun shaida ya riƙe amanar da aka ɗora masa, ya saurari mai rauni, bai wulaƙanta abokin hamayya ba. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Ka karɓe shi da rahamar da ta fi wadda ya nuna wa bayinka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, wadda ta yi haƙurin raba mijinta da majalisa tsawon rayuwarsu, da 'ya'yansa da jikokinsa, da mutanen mazaɓarsa, da Kakaki da dukkan abokan aiki na ɓangarorin biyu, da ma'aikatan kwamitoci waɗanda ya san kowannensu da sunan 'ya'yansa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Mama, kin ce in riƙa zuwa ko ba dalili. Zan zo, in sha Allahu.

Allah ya jiƙanka, Baba. Idan tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.