Injiniyan Auchi da Ya Share Titin Sa'alaba

Bana shekara bakwai ke nan da muka sallaci Buraima, mijin ƙanwata Sakina, muka kai shi makwancinsa a nan Jidda. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai kasala ta kayar da ni. Abin da ya hana ni yin shiru bana shi ne ɗansa Yusuf. An haife shi a unguwar Sa'alaba, a nan ya girma, amma ya wuce shekarun da za a ci gaba da riƙe shi a kan iƙamar uwarsa, wato takardar izinin zama, kafilin da zai tsaya masa kuma bai samu ba. Dole ta sa ya tattara ya nufi Auchi, garin ubansa, wanda rabonsa da shi tun yana goye. Mun raka shi filin jirgi kowa yana murmushin ƙarfin hali, alhali fargaba ɗaya ce a zukatanmu, ko dangin ubansa za su karɓe shi a matsayin nasu.

Na san Buraima a wata masana'antar lemon kwalba da ke unguwar masana'antu ta Jidda. Ni ina tsaron ɗakin ajiya, shi kuma injiniya ne mai kula da na'urorin sanyi. Ni Bahaushen Sudan ne. Kakannina sun taso daga ƙasar Katsina a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare musu a Mai Wurno, suka yada zango, zangon ya zama gida. A sanina na lokacin, duk wanda ya fito daga kudancin Najeriya ko dai Bayarabe ne ko Inyamuri. Da na ji ya gaishe ni da Hausar da ya koyo a Kaduna, sai na tambaye shi cikin fara'a ko shi Bayarabe ne. Bawan Allah ya ajiye kofin shayinsa a hankali, ya gyara zama. Ashe tsokano tsuliyar dodo na yi, domin darasin da ya fara mini a ranar bai ƙare ba sai da rai ya yi halinsa.

Ya ce su Afemai ne, ma'anar sunan kuwa mutanenmu. Suna zaune a arewacin ƙasar Edo, cikin duwatsu, kuma gida uku ne manya, Etsako da Owan da Akoko-Edo, shi ɗan Etsako ne. Uwarsu duka, in ji shi, ita ce Birnin Benin. Daga nan sai ya dulmiya. Ya ba ni labarin sarakunan farko da ake kira Ogiso, da ɗan sarkin da ya zo daga Ile-Ife aka samu gidan Oba ta tsatsonsa, da ganuwar birnin, da maƙeran tagulla masu unguwarsu ta kansu. In na ce masa Kano ma tana da ganuwa, sai ya kaɗa kai yana tausaya mini, ya ce in bari sai na ga tasu tukuna.

Labarin fitowarsu daga Benin shi ya fi so, ni ma shi na fi so, don a nan nake samun abin tsokana. Wai a zamanin wani Oba mai zafin mulki 'ya'yansa suka mutu, sai ya kafa dokar makoki a kan kowa da kowa. Ba kiɗa, ba wanka, ba mai kusantar iyalinsa, har na tsawon shekaru. Jama'a suka ga abin ba na ƙarewa ba ne, suka riƙa sulalewa suna yin arewa har suka dangana da duwatsu. Nakan ce masa ashe dai kakannina saboda Ka'aba suka bar gida, nasa kuwa saboda wanka. Sai ya tuntsire da dariya har da hawaye, ya ce ai tsafta cikon addini ce, su sun riga mu gane haka tun kafin Musuluncin ya iso musu.

Musuluncin kuwa, ya ce, ta hannun Nufawan Bida ya zo, bayan sun gama kai musu hari suna kwasar mutane. Ba ya ɓoye wannan, ba ya kuma ɓoye cewa akwai garuruwansu da ke danganta kansu da Ife ko ƙasar Igala. Abu ɗaya ne ba ya yafewa, a kira su Kukuruku, sunan da aka laƙaba musu zamanin Turawa. Na gwada sau ɗaya, ya yi kwana da kwanaki bai sha shayina ba.

Da ya ga Sakina ya nuna yana so, mahaifiyarmu ta yi tambayar da kowace uwa ke yi, shi wane iri ne. Na yi kuskuren cewa ya zo ya yi mata bayani da bakinsa. Ya zo bayan la'asar da babbar riga, ya durƙusa, ya ɗauko zance tun daga Ogiso. Ana kiran magariba bai ma fito da su daga Benin ba. Tsohuwa ta dube ni ta ce, “Ku ba shi. Wanda ya san kakanninsa haka ba zai wulaƙanta 'yar mutane ba. Kuma ku ba shi yau, kada ya dawo gobe ya ƙarasa.”

Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Shagon shayin da muke zama a unguwar Bagdadiyya ya koma wurin sayar da wayoyi. Masana'antarmu ta canza hannu, na'urorin da ya kafa an cire su an sa sababbi. Tarihin da yake bin mu da shi muna gudu, yanzu yara suna samunsa a waya, suna musu a kai da mutanen da ba su taɓa gani ba. Na tabbata da yana nan da ya shiga cikinsu tsundum, da Sakina ta riƙa ƙwace wayar kafin ya ci abinci. Ranar da na ji an fara mayar wa mutanen Benin kayan tagullarsu da Turawa suka kwashe, sai da na laluba aljihu zan kira shi, sannan na tuna. Ranar na yi kewarsa ƙwarai.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne me zai ce game da Yusuf. Yaron Larabci ne a bakinsa. Hausa yana ji, amsawa ce sai a hankali, harshen ubansa kuwa bai wuce gaisuwa ba. Da ya sauka Auchi, wan mahaifinsa, Baba Aliyu, ya karɓe shi hannu bibbiyu. Aka ba shi ɗakin da ya fi kowanne, aka sa masa fanka, aka riƙa kai masa sakwara da miyar gyaɗa har ɗaki a rufe da faifai. In ya fito tsakar gida sai a ruga a kawo kujera. In ya ɗauki bokiti sai a karɓe. Yara suka sa masa Balarabe. Sakina ta yi ta hamdala, ni ma haka, har ranar da ya kira ni muryarsa a dushe.

“Khali, wallahi na gaji,” in ji shi, haka yake kirana, wato kawu. “Kowa yana girmama ni, ba wanda yake magana da ni. Ana daif, ni baƙo ne a nan. A Jidda baƙo, a nan baƙo. Khalas, ni ba ni da gari.”

Mu da aka haifa a hanya mun san wannan ciwon, mun saba da shi har ba ma jinsa, amma ban so ya gaje shi daga wajenmu ba. Ina ta juya maganar a raina har na tuna wani abu na ubansa da muka daɗe muna yi wa dariya. Wata Juma'a da safe mutanen Sa'alaba suka wayi gari suka ga injiniya guda da tsintsiya da kwando yana share titi tun daga ƙofar gidansa har masallaci. Wani maƙwabci ya zo mini da jaje, wai ya ji an sallami surukina ya koma aikin shara. Na je na same shi yana zufa. Ya ce a garinsu kowane namiji yana da ƙungiyar tsararsa, otu suke ce mata. Waɗanda aka haifa kusa da juna tare ake ɗaure su, su ke gyara hanya, su share kasuwa, su nome maƙabarta, su haƙa kabarin junansu in ta Allah ta kasance. Ya ce a wannan ranar ma tsararsa suna aikin gayya a Auchi, shi kuwa ba zai kwanta a ƙarƙashin na'urar sanyi suna cikin rana ba. Na ce ai ba wanda zai sani. Ya ce shi ya sani. Haka ya riƙa yi duk sa'ad da labarin gayya ya iso shi, har yaran unguwa suka fara taya shi.

Sai na nemi lambar Baba Aliyu a wajen Sakina. Dattijon yana jin Hausar kasuwa, muka lallaɓa. Bayan doguwar gaisuwa na yi masa godiya a kan ɗawainiya, sannan na roƙe shi alfarma ɗaya, a daina ba yaron nan kujera. Na tambaye shi ko Yusuf ba shi da tsara a garin. Sai na ji dariya irin ta Buraima sak. Ya ce tun ranar sunan Yusuf, ƙanensa Buraima ya bugo waya ya ce a lissafa yaron cikin sa'o'insa, kuma an lissafa. Su dai kunya ce ta hana su, sun ɗauka wanda ya tashi a ƙasar Larabawa hannunsa bai san ƙota ba.

In na auna abin da ya rage na Buraima a Jidda, ba shi da yawa. Kabarinsa ba alama, kamar na kowa a nan. Titin da ya share ya sake yin datti. Tarihin nasa ma rabi na riƙe, in na tashi ba da shi sai in haɗa Ogiso da Nufawa a zamani ɗaya, Sakina ta gyara mini. Amma ya bar wa ɗansa gurbi a cikin mutane tun yaron bai san kansa ba, kuma gurbin ya jira shi duk tsawon shekarun nan ba wanda ya zauna a ciki. Allah Ya jiƙan Buraima, Ya sa ya huta, Ya haɗa shi da kakannin nan nasa da ya ishe mu da labarinsu.

Makon jiya Yusuf ya kira ni, wannan karon da ƙorafi. Wai samari sun dira gidan da sassafe, ba sallama mai daɗi, suka fito da shi suka miƙa masa adda. Sun ce duk gayyar da aka yi ba ya nan tana kansa, don haka gefen maƙabarta mafi ciyawa nasa ne. Sun yi masa dariya da ya riƙe addar kamar cokali. Wani ya zage shi, ya rama da Larabci, aka yi ta shewa, daga baya suka ci abinci a kwano ɗaya. Ya nuna mini tafin hannunsa a waya, duk ya yi bororo. Na ce ya shafa man kaɗanya. Ina cikin yi masa nasiha sai na ji ana ƙwala masa kira daga waje, da sunan Afemai da ubansa ya raɗa masa, Oshoke, ba Balarabe ba.

“Yalla Khali, sai an jima, in na makara za su ƙara mini aiki.”

Ya katse wayar ina tsakiyar magana. Na juya zan kai ƙararsa wajen uwarsa, sai na tarar tana kuka tana dariya, ni ma na zauna na taya ta.