Fim Ɗin da Bai Kama Ba

A kan kantar shagona, kusa da kwalbar tawada, akwai wata baƙar kyamara ta roba. Shekaru da yawa ke nan tana wurin. Yanzu turare da littattafan addini nake sayarwa, tun da waya ta kashe mana sana'ar hoto, amma mai shigowa yakan hango ta ya tambaya ko ta sayarwa ce. In ce a'a. Ya ce tana aiki? In ce ban sani ba. Ban taɓa son ta ba, ko na yini ɗaya, kuma ba ni da ikon rabuwa da ita.

Na koyi ɗaukar hoto a hannun wani ɗan kudu mai shago kusa da kasuwar Zuru. Da ya tashi komawa garinsu ya bar mini kyamararsa ta ƙarfe, mai nauyi, wadda igiyarta ta yi mini kanta a wuya. Ita wannan, in za ka sa mata fim, kai ne za ka kama harshensa ka cusa a tsagi, ka ja da babban yatsa har ka ga haƙoran sun cije shi, sannan ka rufe. Duk hoton da ka ɗauka, in ka ja hannun za ka ji nauyin fim a yatsanka, ka kuma ga ɗan kunnen da ke hagu yana juyawa. Maigidana yakan ce ido na iya ruɗinka, yatsa ba ya ƙarya. Ni kuma na ƙara da bisimilla kafin kowane ja. Da ita na zaga Danko da Ribah da Dirin Daji a kan babur, bikin aure, suna, godiyar girbi a coci. Kowane aiki da ambulan ɗinsa, in rubuta a bayansa da ajami: wane da wance, wuri kaza. Ba a taɓa dawo mini da aiki ba, har na fara jin kaina.

Akwai wata mata da ke saukowa daga tudu ranar kasuwa da dawa da gyaɗa, takan ajiye kayanta a inuwar shagona. Kirista ce, C'lela ne harshenta, Hausarta ta kasuwa ce. Mijinta soja ne, ya rasu tun da daɗewa, kuma cikin 'ya'yan da ta haifa namiji ɗaya ne ya rayu. Shi ma soja ya shiga. Ni na ɗauke shi fasfo ranar da zai kai takardunsa.

Da aka tura su ƙasar waje aikin kwantar da tarzoma, ya dawo hutu da tsaraba. Ya shigo shagona yana ta murmushi, ya ajiye kwali a gabana.

"Baba mai hoto, ga taka. Wagga ba ta son wahala. Ka jefa fim, ka rufe, ita ke yin sauran. Ko tsohuwata za ta iya."

Na ce, "To in ta yi komai, ni mi zan yi?"

"Ka danna, a gode maka."

Na yi godiya, na sa masa albarka, domin kyauta ce ta zuciya ɗaya. Amma da ya fita na juya ta a hannuna, sai na ji kamar na ɗauki gwangwanin da ba komai ciki. Ba hannun ja, ba kunne a hagu. Batir ake sa mata, in ka danna ta yi ƙugi ta ja fim da kanta, a ɓoye, kai kana tsaye kamar baƙo a gidanka. Na mayar da ita kwalinta na tura ƙarƙashin kanta. Shekara guda cur ban sa mata fim ko ɗaya ba. Da na ba ta yini ɗaya na koyi halinta, da ba wannan labari nake rubutawa ba.

Hutunsa na biyu ya faɗo bayan girbin dawa, mako biyu aka ba shi. Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi cikin kaki, yana jan uwarsa da hannu. Ta ɗauro zanin zumuntar mata na cocinsu, sabo fil, tana ta turjewa. Tun da take ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba.

"Malam, ka gaya masa. Mi zan yi da hoto, ga ni da raina?"

Ya ce, "Ni zan yi da shi. In sa a aljihu, in harsashi ya zo ya ga fuskarki ya ji tsoro ya koma."

Ta kai masa duka a baya. "Bakinka ya sari ɗanyen kashi!"

Muka zagaya bayan shago, gindin darbejiya, inda haske ke da kyau. Na ɗauko ta ƙarfen na rataya. Sai ya ce, "A'a, Baba, ina tawa? Ko ka sayar?"

Kunya ta rufe ni. Na koma ciki na jawo kwalin, na goge shi da hannun riga don kada ya ga alamar ajiya. Na sa batir, na buɗe sabon fim, na shimfiɗa harshensa yadda na ga ya dace, na rufe. Ta yi ƙuginta, lamba ta nuna ɗaya. Yatsana ya nemi abin da zai ja bai samu ba. Har yau ba na iya tuna ko na yi bisimilla.

Sau biyar na danna. Na farko ta rufe fuska da tafin hannu. Na biyu ta tsaya ƙiƙam kamar mai jiran hukunci. Sai ya cire hularsa ta soja ya ɗora a kan ɗankwalinta, ta fashe da dariya har giɓinta ya bayyana, na danna. Na huɗu da na biyar ya ɗora hannu a kafaɗarta, ita kuma ta ɗan jingina da shi. Ta 'yar tagar kyamarar na ga wannan duka, tas. Zuciyata ta ce mini, ƙara ɗaya da ta ƙarfen, ga ta a wuyanka. Amma na ga kamar in na yi haka na ce masa ban yarda da kyautarsa ba. Na bar shi.

A sana'armu ba a kai fim wanki sai ya cika. Talatin da shida yake ɗauka, kuma mai kala a Kontagora ake wanke shi, direba muke ba wa ya kai ya dawo da shi. Biyar kawai na ci, saura talatin da ɗaya. A wannan makon ina da biki a Ribah da suna biyu a cikin gari, aikin da zai cika fim ɗin har ya nemi wani. Duk da ta ƙarfen na yi su. Na ɗauki ta robar sau ɗaya zan sa a jaka, na ji raina ba ya so, na ajiye.

Sau biyu ya leƙo kafin hutunsa ya ƙare. Na ƙarshe da jakarsa a kafaɗa, zai tafi tasha.

"Baba, ya fito?"

"Sai fim ya cika."

"To ka ba tsohuwa nata, nawa ka ajiye mini. Ka zaɓa mini mai hular."

Da na cika shi a makon nan, da na gane abin da ya faru yana gari, da sai mu koma gindin darbejiya mu sake. Da-na-sani ƙeya ce.

Wata huɗu bayan nan labarin rasuwarsa ya iso. Can aka binne shi, ƙasar da uwarsa ba ta iya faɗin sunanta ba. Akwatin kayansa kawai aka kawo, da kaki biyu da takalma, babu hoto ko ɗaya a ciki. Na hau tudu na yi mata ta'aziyya. Da na dawo ban zarce gida ba, shago na nufa. Na ɗauko kyamarar na danna maɓallin da ke nannaɗe fim ya koma gidansa. Ko hoto biyar ne, ya kamata ta ɗan jima tana ƙugi. Ta yi ƙara sau ɗaya, gajere kamar tari, ta yi shiru.

Na san ma'anar wannan. Haƙoran ba su taɓa cije harshen fim ɗin ba. Tana ƙugi, lamba tana tafiya, fim yana kwance a inda na shimfiɗa shi. Duk da haka na ba direba, ina roƙon Allah Ya sa kunnena ne ya ruɗe ni. Bayan kwana uku ya dawo mini da shi a nannaɗe, fes, kamar ruwan shayi marar madara. Na ɗaga shi ga rana daga farko har ƙarshe. Babu ko inuwa.

Da ta gama zaman makoki ta sauko kasuwa. Ba ta zo da dawa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, na zo karɓar ɗana."

Na ce direba bai dawo ba. Kasuwa ta gaba na ce injin Kontagora ya lalace. Ta uku na ce an gyara, amma aiki ya yi musu yawa. Kowane zuwa tafiyar ƙafa ce mai nisa daga tudu, kuma kowane zuwa sai ta ce, "To, Allah Ya kai mu," ta juya. Ni da na yi sauka tun ina saurayi, ni da ake ba wa limanci in liman ya yi tafiya, na zauna ina yi wa uwar mamaci ƙarya mako uku. In na tsaya salla sai in rasa raka'a ta nawa nake.

Na kwashe kwana biyu ina tonon tsofaffin ambulan, har na samo wanda na rubuta wa: ɗan mai dawa, fasfon shiga soja. Fim ɗin yana nan lafiya. Na aika aka wanko shi babba, na sa a gilashi.

Kasuwa ta huɗu na shimfiɗa mata tabarma a cikin shago, na ce ta zauna. Na gaya mata duka, ban rage ba: yadda na ƙi kyautar, yadda ban koye ta ba, yadda na bar fim ɗin har ya tafi, da ƙaryar direba da ta inji. Sannan na miƙa mata hoton. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wannan yaro ne. Bai fara aske gemu ba. Ina wanda muka tsaya tare?"

"Babu shi, Mama. Bai ɗauku ba."

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Na so ta zage ni, da na sami sauƙi. Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka ba. Na ɗauko kyamarar na ajiye a gabanta, na ce ta tafi da ita, ko ba komai hannunsa ya taɓa ta. Ta ture ta da bayan hannu.

"Kai ya ba. Ba a maido kyautar wanda ya mutu."

Sai ta kai hannu ta dafa kafaɗarta. "Nan ya ɗora hannu. Kai ka gani?"

"Na gani."

"To mu biyu ke nan muka sani."

Ta naɗe hoton a bakin zani ta tafi. Na ɗauka ba za ta sake taka shagona ba. Amma kasuwa ta gaba sai ga ta da dawarta, ta ajiye a inuwar da ta saba. Da rana ta yi sanyi ta leƙo ta ce, "Malam, gaya mini na hular." Na gaya mata: yadda ya cire, yadda ta karkace a kan ɗankwali, yadda ta yi dariya. Ta ce, "Na hannun fa?" Na gaya mata. Haka muka yi shekara shida, ba kowace kasuwa ba, amma ba a yin wata ba ta tambaya ba. Wani lokaci ta gyara mini, ta ce ba dariya ta yi ba, faɗa take yi masa. Ban taɓa jin ta ce ta yafe ba, ni kuma ban sami bakin tambaya ba. Ina ta jiran ranar da ta dace har aka aiko cewa ta rasu da damina, hanyar tudu ta yanke, ban ko sami zuwa jana'iza ba.

Ambulan ɗin yana nan a ƙarƙashin kyamarar. Tun ranar da na ɗauke su na rubuta a bayansa: soja da uwarsa, gindin darbejiya. An sare darbejiyar an gina shago a wurin. Istigfari ina yi, kuma na san rahamar Ubangiji ta fi laifina faɗi, amma haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, masu shi kuwa duka biyu sun tafi.

Yanzu ni kaɗai na rage da na ga abin da ke cikin 'yar tagar nan, kuma tsufa ya fara taɓa shi. Fuskar sojan ta soma komawa ta fasfo, marar gemu. Bana bayan la'asar ɗin wata ranar kasuwa na zauna ina bitar hotunan biyar ɗaya bayan ɗaya, yadda nake yi mata. Da na zo na huɗu sai na tsaya. Kafaɗar dama ya dafa ko ta hagu? Na rufe ido, na juya su, na sake juya su. Babu wanda zan tambaya.