Sista Kulu, Na Sirka Ruwan

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 13 ga watan Yuli, 1999, Allah ya yi wa Hajiya Kulu Isyaku rasuwa a gidanta da ke Mandawari, bayan jinyar kwana biyu. Ungozoma ce da ta yi ritaya daga aikin asibiti, kuma duk unguwa Sista Kulu ake kiranta. Na dawo daga makaranta na tarar da tabarmi a ƙofar gidanta, har an kai ta. Na tsaya da jaka a kafaɗa, sannan na wuce gida na wanke kayan makarantata na shanya. Har yau ban yi kuka ba. Ban san dalili ba.

Sista, ban taɓa yi miki maganar da ta wuce gaisuwa ba, shi ya sa nake rubutawa.

Kowace Lahadi da hantsi kina tara masu ciki a tsakar gidanki, ki koya musu abin da za su tarar in jariri ya zo: yadda ake riƙe shi, yadda ake sa shi a nono, yadda ake barin cibiya ta bushe ba tare da an shafa mata komai ba. Kina da 'yar tsanar roba mai hannu ɗaya wadda mata suka raɗa wa Ɗanladi. An yi wa Ɗanladi wanka ya fi sau dubu. Duk wadda ta saki kansa sai ki ce, "To, kin karya wa ɗan mutane wuya, sake." Lahadin ƙarshen wata kuwa mazajen ne ke zama a soro. Na ga mijin yayata, Yaya Jibrin, ƙaton marini da hannuwansa shuɗaye, yana rungume da Ɗanladi yana zufa. Kika ce masa, "Malam, ba turmin shadda ba ne, sassauta."

Dokarki ita ce kowace mai ciki ta zo da wadda za ta kula da ita a jego, domin mai jego ba ita ke dafa wa kanta ruwa ba. Yayata Luba tana da cikin fari, kuma a gidanmu za ta yi wanka. Ummanmu ta rasu shekara shida da suka wuce, don haka kakarmu, Hajiya 'Yardada, wadda ta haifi Umma, ita ya kamata ta zo. Ta ƙi. Ta ce ta yi wa mata talatin wankan jego, ba za ta je ta zauna gaban 'yar tsana ba. Sai aka tura ni. Ina zama a bayan kowa, ina rubuta abin da kika faɗa a ƙarshen littafina na Biology.

Wata Lahadi kika yi maganar wankan jego. Kika ce ba ki hana wanka ba, amma ruwan da ke tafasa, da kunun da aka cika wa kanwa, da kwanciya a gado mai wuta a ƙasa, suna iya wahalar da zuciyar mai jego. Kika ce a sirka ruwa har sai mai wankan ta iya sa gwiwar hannunta a ciki ta bari. Kika ce in ƙafa ta kumbura, in mai jego tana haki ko a kwance, ba sanyi ba ne ya shige ta, a kai ta asibiti. Biro ya tsaya a hannuna. Haka ƙafafun Umma suka yi bayan haihuwar autanmu. Aka ce sanyi ne, aka ƙara itace. A jegon nan ta rasu.

Da aka tashi kika riƙe ni. Kin gane abin da ke raina. Kika ce, "Kakarki ba ta yi don mugunta ba, abin da aka koya mata ta yi. Ranar da Luba za ta fara wanka ni zan zo da kaina, tsohuwa da tsohuwa mu yi magana." Sannan kika ja min kumatu. "Sojoji sun sauka, rediyo ya ce yanzu kowa na da bakin magana. Ke Bahijja naki yana ina?" Na sunkuyar da kai.

Na dogara da zuwan nan naki. Ban tanadi komai ba bayansa.

Yaya Luba ta haihu kwana tara bayan rasuwarki. Mace aka samu. Washegari da sassafe Hajiya ta sa aka ɗora babbar tukunya, aka karyo ganyen darbejiya. Ina tsaye ina kallon ruwan yana tafarfasa. An juye shi a baho, Yaya Luba tana zaune a kan turmi da zane a ƙirji, ta dube ni ta kau da kai. Ban ji tsoro ba, ban ji ƙarfin hali ba. Ban ji komai ba. Na dai ga kaina na ɗauko bokitin ruwan rijiya na tsaya tsakanin Hajiya da bahon.

Ta ce, "Ke 'yar boko, matsa. Ko ke za ki koya min?"

Na ce, "Hajiya, ki sa gwiwar hannunki tukuna."

"Kulu ce ta aiko ki daga kabari?"

Na ce, "Ta ce za ta zo. Ba ta samu zuwa ba."

Sai ta naɗe hannun rigarta, ta kai gwiwar hannu kan ruwan, ta janye da sauri. Ta tsaya tana duban wurin da ya yi ja. Can ta ce, ba da ni take ba, "Uwarku ma ta ce min ya yi zafi. Na ce ta daure." Ta matsa gefe. Na zuba bokiti ɗaya, ta sake gwadawa, ta ce in ƙaro rabi.

Yau kwana goma sha ɗaya ana wanka. Kullum ita ke gwadawa da kanta kafin na tafi makaranta. Maganar kanwa ba mu gama ba. Tana sawa, ina rage abin da zan iya. Kowace safiya ina danna ƙafar Yaya Luba da yatsa kamar yadda kika nuna, ba ta loɓa ba. An sa wa jaririyar suna Hauwa, wanda aka ce shi ne ainihin sunanki. Cibiyarta ta faɗi ran kwana shida, a bushe.

Jiya Lahadi na wuce ta ƙofar gidanki. Wasu mata biyu masu ciki suna tsaye a soro, da alama daga unguwar Zaitawa suka zo, ba su ji ba. Ni na gaya musu. Ɗayar ta ce, "To yanzu wa za mu tambaya?" Na ce ina da littafi, in suna so zan karanta musu. Sun ce za su zo gidanmu. Ban san ko zan iya ba.

Allah ya jiƙanki, Sista Kulu. Allah ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata kabarinki, ya sa jariran da suka faɗo a hannunki da iyayen da kika tsare su zame miki shaida ranar gobe. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta, Malam Bashir da Malama Husaina, da jikokinta, da matan Mandawari baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙuri. Ya jiƙan Ummana tare da ita, ya sanyaya musu makwanci. Amin.

Bahijja Mustafa
Mandawari, Kano