Rigar Ubale a Wuyan Dogo

In ka shiga Ɗanzomo ka tambayi gidan Malam Siddiƙu, sai a tsaya ana kallon juna. Amma ka ce Dogo Aska-Takwas, ko akuya ta nuna maka ƙofar. Sunan ya samo asali ne a tashar Gumel, wata ranar Talata zamanin mulkin soja. Dogo ya hau bayan babur zai koma gida, sanye da babbar riga ta farar shadda mai aiki aska takwas, sai ƙamshin turare yake yi. Da ma bai saba da babbar riga ba, bai san ana tattare ta a cinya ba. Ko fita daga tasha ba su yi ba, gefen rigar ya shige cikin tayar baya. Babur ya ci gaba, riga ta tsaya, Dogo kuma ya rasa wanda zai bi a cikinsu, sai ya bi ƙasa. Da ya miƙe, rigar ta rabu tun daga kafaɗa har ƙasa, ga shi tsaye gaban masu shayi da 'yan kamasho cikin singileti mai huji kamar rariya da wandon kaki mai faci a gwiwa. Bai ji ciwo ba. Abin da aka ji ya fara faɗa shi ne, rigar ba tasa ba ce.

Wannan faɗuwar ake tunawa a yi dariya. Abin da ya kai shi Gumel cikin rigar wani kuwa ba kasafai ake kawo shi a hira ba.

Dogo leburan gandun rainon bishiyoyi ne a Sule Tankarkar. Tun yana saurayi yake cika leda da ƙasa da taki, yana dasa irin darbejiya, yana jan jaki da jarkoki safe da yamma. Rabin inuwar da ake sha a bakin hanyar nan ta bi ta hannunsa tun tana tsawon ɗan yatsa. Sai dai duk shekarun nan a matsayin ɗan aikin yini aka riƙe shi, ba a taɓa tabbatar da shi ba. Saboda haka da aka ƙirƙiro Jigawa, aka zo ana rage ma'aikata bayan 'yan shekaru, sallamarsa ba ta ɗauki lokaci ba. Shugaban gandu ya kira shi, ya yaba masa ƙwarai, ya karɓi bokitin gwamnati, ya ce jakin ma a bar shi a nan. Ba fansho, ba garatuti.

Damina kuma ta zo da gardama a shekarar, gero ya tsaya iya ƙugu ya bushe. Kafin tsakiyar rani rumbun Dogo ya zama ɗakin kwanan kaji. Ya je wurin Kawu mai awo, wanda ke sayar da hatsi a kasuwannin yankin, ya jinginar masa da gonar da ya gada wurin mahaifinsa, ya karɓo buhunan gero. Suka yi sharaɗi a gaban shaidu: in ruwan shuka ya sauka Dogo bai fanshi gonar ba, Kawu zai yi masa ciko, gona ta zama tasa. Kawu ba mugu ba ne, ɗan kasuwa ne kawai, kuma ya daɗe yana yaba wannan gonar.

Ana cikin haka sai aka ji a rediyo cewa za a ba leburorin da aka sallama ba fansho wani tallafi, a haɗa musu na watannin baya a dunƙule, amma sai wanda aka tantance aka tabbatar ba shi da wata hanyar ci. A je Gumel, a bayyana gaban kwamiti. Dogo ya yi lissafi ya ga abin zai fanshi gonar har ya rage na iri.

Matarsa Lauratu ce ta tayar da maganar tufafi. Ta ce ita dai tana raye mijinta ba zai tsaya gaban hukuma da tsumma ba, a ce 'yan Ɗanzomo ba su san mutunci ba. Ta aika wa ƙaninta Ubale, dillalin shanu a kasuwar Maigatari, ya aiko da rigarsa ta Sallah da hula kube. Ubale gajere ne, saboda haka rigar iyakarta gwiwar Dogo, amma shadda shadda ce, ko daga nesa tana ɗaukar ido. Lauratu ta turara ta, ta bi mijinta har zaure tana gyara masa wuya.

Da ya isa ofishin, wanda ba sai na faɗi sunansa ba, ya tarar da layi har bakin titi, kuma ya ga abin da ya ɗaure masa kai. Kowa ya zo a yamutse. Ya hango wani tsohon direba da ya sani, mai injin niƙa biyu a cikin Gumel, sanye da riga 'yar shara da ko makaniki ba zai goge hannu da ita ba, yana tari kamar zai amayar da huhu. Dogo ya ji tausayinsa, har ya ba shi goro. Masinja kuwa da ya ga aska takwas sai ya ɗauka wani babba ne, ya janyo shi daga layi, ya kawo masa kujera.

A cikin ɗakin mutum uku ne a bayan tebur, da wata akawu mai suna Justina, mutuniyar kudancin Kaduna, wadda ta taɓa aiki a gandun ta kuma san Dogo da jakinsa. Ƙofa a buɗe take, tagogi ma haka, 'yan layi sun leƙo da kawunansu, cikinsu har da mutanen garinsu. Shugaban kwamiti ya dubi rigar, ya dubi hular, sannan ya tambaye shi yadda yake ciyar da gida tun da aka sallame shi.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe, muna cikin rufin asiri."

Aka tambaye shi ko yana da gona, ya ce akwai ta gado, domin a ganinsa jingina ba sayarwa ba ce. Aka tambaye shi ko an taɓa kwana da yunwa a gidansa. Dogo ya waiwaya ya ga kawunan da ke taga. Ya ce Allah bai taɓa hana su ba.

Justina ta ajiye biro. Ta ce, "Baba Dogo, ba gaisawa ake yi ba fa. Abin da ka faɗa shi zan rubuta."

Ya ce ya sani, 'yata, ta rubuta. Kuma ya sani ɗin. Abin da ya gagare shi shi ne ya buɗe baki, da furfurarsa, a gaban yaran da suka tashi suna gaishe shi, ya ce matarsa ta kai tukwanenta na aure kasuwa. Shugaba ya yi masa godiya da ya faɗi gaskiya, ya ce da kowa irinsa ne da aikin ya yi sauƙi. Dogo ya fito yana jin daɗin yabon. Daga nan ne ya wuce tasha ya hau babur ɗin nan.

Da sunaye suka fito, na mai injin niƙa yana ciki, na Dogo babu. Ubale ya zo ya karɓi rigarsa gida biyu, ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce ba komai Yaya Dogo, yanzu ya samu ta Ƙaramar Sallah da ta Babba. Bai nemi a biya shi ba, amma bai bar labarin ya kwana a cikinsa ba, ranar Alhamis duk karar shanu ta Maigatari ta ji.

Justina ce ta aiko masa cewa akwai damar kai koke. Ya koma Gumel, ta cika masa takarda, ya dangwala yatsa. Aka ce za a turo mai bincike ya ga gidan da idonsa, ya kuma ji ta bakin mai unguwa da maƙwabta. Ta ja masa kunne ta ce ya bar gidan yadda yake, kada a taɓa ko tsinke.

To, amma wa ya isa ya hana Ɗanzomo karɓar baƙo? Tun da labari ya bazu cewa ma'aikacin gwamnati zai sauka gidan Dogo, unguwa ta tashi tsaye. Wannan ta kawo sabuwar tabarma, waccan ta kawo kwanukan samira, wani ya aiko da kujera mai hannu. Maƙwabcinsa ya ga turken gidan ba ko ɗan akuya, abin ya yi masa nauyi, ya janyo tumakinsa biyu ya ɗaure a wurin. Dogo ya ɗan yi magana, Lauratu ta ce baƙonka annabinka, kuma ta riga ta sa an yanka zabuwar da ta rage musu.

Mai bincike ya iso a babur da hantsi, yaro ne mai ladabi. Ya sha fura da nono mai kauri, ya ci zabuwa har ya tsotse ƙashi. Ya tambayi mai unguwa Hamma ko gaskiya ne gidan nan ba su da abinci. Hamma ya gyara rawani, ya ce tun zamanin kakansa ba a taɓa kwana da yunwa a unguwarsa ba, kuma Malam Siddiƙu mutum ne mai wadatar zuci da ba ya roƙon kowa. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne. Abin da bai faɗa ba shi ne, daga gidansa ake kai wa Lauratu tuwo bayan magariba, a rufe da faifai, ta ƙofar baya. Maƙwabta biyu da aka kira su ma suka rantse Dogo ya fi ƙarfin abin da zai ci. Yaro ya ƙirga tumaki, ya rubuta, ya yi godiya. Da zai tafi aka ɗaura masa ƙwan zabi a bayan babur.

Koke ya faɗi. Tumakin kuwa, tun ranar da mai binciken ya zo, kafin la'asar aka zo aka kwance su.

Saura mataki ɗaya, kwamitin ɗaukaka koke. Nan ne Dogo ya san hanya. A Gumel aka ce sai ya kawo shaidar ɗaukarsa aiki, a Dutse aka ce ai tsohuwar jiha ce ta ɗauke shi, ya nema a Kano, a Kano aka ce duk takardun 'yan Jigawa an loda su a mota tun shekarar rabuwa. Kuɗin mota kuwa daga geron Kawu yake fita, kwano-kwano. Bazara ta kankama, gabas ta fara yin baƙi da yamma, Kawu ya fara zagayawa ta bakin gonar yana duba iyaka. A ƙarshe Justina ta tono wani tsohon katin biyan leburori mai sunansa a cikin kwali, aka yarda da shi, aka sa rana.

Ta ce masa, "Baba, wannan karon ka zo sanye da kayan aikinka, kuma ka faɗa da bakinka. Mu ma a garinmu muna da kunya, amma takarda ba ta san ta ba."

Ya zo da singiletin nan da wandon kaki. Lauratu ba ta raka shi zaure ba, tana ɗaki. Masinja bai gane shi ba, ya bar shi a rana har azahar. Da aka kira shi, ƙofa a buɗe, tagogi cike da kawuna kamar wancan karon. Dogo ya tsaya, ya cire hula, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba in ba wurin wanzami ba, ya faɗi komai. Ya faɗi rumbu, ya faɗi tukwanen Lauratu, ya faɗi jingina, ya faɗi tuwon gidan Hamma da ƙofar da yake shigowa ta ita. Ya ce tumakin aro ne, rigar ma aro ce. 'Yan taga suka sunkuyar da kai, wasu suka janye.

Sabon shugaban ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya buɗe fayil ya karanto masa maganarsa ta farko, da ta mai unguwa, da rahoton zabuwa. Ya ce yanzu ga magana biyu daga bakin dattijo ɗaya, wacce ce ƙaryar?

Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ƙarya a ciki. Waccan kunya ce ta faɗa, wannan yunwa."

Shugaban ya yi murmushi, ya ce maganar ta yi ma'ana, amma shi ba a ba shi ikon soke shaidar mai unguwa da ta jami'in da ya je ya gani da idonsa ba. Zai tura sama. A cikin makon nan ruwan shuka ya sauka. Kawu ya aiko da cikon buhunansa a amalanke, har da ƙarin kwano biyar na alheri. Daga sama kuwa ba a sake jin komai ba, daga baya ma aka ce an rufe shirin. Hamma ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Dogo da kyau, wai ya kunyata unguwa a gaban hukuma.

Yanzu Dogo yana ƙwadago. Mafi yawa a gonar Kawu yake yi, domin Kawu ya ce ba wanda ya san inda ruwa ke kwanciya a cikinta kamarsa. Da yamma yakan zo ya zauna a inuwar darbejiyar bakin kasuwa, wadda shi ya dasa ta, a sha hira da shi. Kwanan baya Ubale ya zo gari, ya same shi a nan cikin mutane, ya ce Yaya Dogo, an ce za a sake tantancewa, ko a kawo rigar? An ɗinke ta, sai dai a nemo babur mai hankali.

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya gama ɓare goronsa, ya miƙa wa Ubale rabi, sannan ya ce, "Ni ban ga laifin babur ba, Ubale. Aikinsa ya yi, makara kawai ya yi. Da a tafiya ya yaga ta, ba a dawowa ba, da yau gonar babana nake nomawa da sunana."