Kututturen Ɗalhatu Mai Turare

A Kutama in ka ce Ɗalhatu kawai, sai an tambaye ka wanne, don muna da su da yawa. Amma in ka ce Mai Turare, ko baƙon jiya ya san ƙofar. Turaren ba na kwalba ba ne, itacen nan ne dogo mai farin jiki, wanda in ka murza ganyensa yake ƙanshin man zafi. Ni Hammadu tela, taubashinsa ne, kuma shagona yana kallon ƙofar gidansa. Saboda haka yawancin abin da zan faɗa ba ji na yi ba, a kan idona aka yi shi.

Ɗalhatu manomi ne kamar kowa, dawa da gyaɗa da ɗan barkono a fadama. Yana saurayi ya taɓa yin leburanci a wata gonar rainon itatuwa can wajen Kabo, aikinsa cika leda da ƙasa da ban ruwa. Aikin bai daɗe ba, amma ya dawo da abu biyu, Uwaliya matarsa da 'yan dashen turare a kwali a bayan keke. Na sha gaya masa a gaban Uwaliya cewa na san wanda ya fi lallaɓawa a hanya, kuma bai taɓa musa mini ba.

Ya dasa su a bayan gida, nesa da rijiya, nesa da katanga, don ya ce saiwar turare ba ta da kunya, duk inda ruwa yake sai ta je. Da ruwan wanke-wanke aka raine su. Da suka girma ya riƙa sare wasu yana dirka da rufin rumfa, amma ta kusurwar gabas bai taɓa yarda a kai mata gatari ba. Ta yi ta tafiya sama har ta wuce duk wata darbejiya da ke unguwar, har ya zama daga titi ana hango kanta. Fasinja ya ce wa direba, "A sauke ni a turare," a kuma sauke shi.

Ba zan ɓoye ba, sunan nan ya daɗe yana ba ni haushi. Na ɗinka wa rabin garin nan kayan salla, ba wanda ya taɓa cewa a sauke shi a tela.

Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin ya yi wa itacen nan bauta. Duk shekara in an gama kaka, sai ya fito da tsani da ƙaramin zarto, ya ɗaura tsohon rawani a ƙugu, ya hau gyara. Ba ya sare reshe da adda kamar mai neman itacen girki. Sai ya fara yankowa daga ƙasan reshen, sannan ya dawo ta sama, don kada nauyin reshen ya yage ɓawon itacen. Ya bar ɗan wuya kaɗan, ya kwaɓa taɓo da toka ya shafe wurin saboda gara. Duk wani ɗan toho da ya leƙo a jikin gangar kuwa, da babban yatsa yake murje shi tun yana jariri. Ƙa'idarsa ita ce turare ƙafa ɗaya take yi, miƙaƙƙiya, ba ta da 'yan rakiya.

Ranar gyaran nan ita ce sallar Ɗalhatu. Lokacin sanyi ya kawo jiki, mura ta fara kama mutane, kowa yana son ganyen turare don sirace. Tsofaffin mata su taru a ƙofar gidansa da kwanduna, shi kuma ya zauna a kan tabarma yana rabawa kamar mai rabon zakka. Ba zai miƙa miki ba sai ya gaya miki yadda za ki tafasa, da yadda za ki lulluɓa da zane, ko da kin haifi wanda ya girme shi. In kuwa murarki ta yi rashin dabara ta zo da damina, sai ki yi haƙuri, don ganyen yana can sama, kuma Ɗalhatu ba ya taɓa itacensa ba a kan lokaci ba.

Haka ake har Malam Bot ya zo. Malamin sakandare ne, mutumin Filato, ya kama gidan da ke jikin na Ɗalhatu shi da matarsa Joan, wadda kowa ke kira Maman Emily. Mutum ne mai gaisuwa, ba ya wuce ka bai tambayi iyali ba. Bai daɗe ba ya sallama wa Ɗalhatu ya ce, "Baba, in da hali a taimaka mini da ɗan dashe. In na ga itacen nan naka sai in tuna gida."

Ɗalhatu ya ji daɗi, amma daɗin bai hana shi zaɓe ba. Ina tsaye ya bi ledojin dashensa ɗaya bayan ɗaya, ya tsamo waɗanda suka fi kowanne rama, ya miƙa masa. Da malamin ya tafi na ce, "Kai dai ba ka ji kunya ba." Ya ce, "Mai alli ne, me zai yi da na kirki?"

Abin da bai lissafa ba shi ne, a garinsu Malam Bot turare kamar ciyawa take, a cikinta ya tashi. 'Yan ramammun nan suka kama, suka miƙe. Da suka kai kaurin cinya, wata ranar bazara muka ji sara a bayan gidansa. Ɗalhatu ya leƙa ta katanga, ya dawo shagona yana dariya har da riƙe ciki.

"Tela, zo ka ga aikin boko! Ya sare su duka daidai gwiwa. Ya kashe su!"

Ba su mutu ba. Ruwa na sauka kowane kututture ya fashe da toho ta ko'ina, ja-ja, lufu-lufu. Kafin kaka bayan gidan Malam Bot ya zama ɗan kurmi daidai tsayin mutum. Ganyen sabon toho kuwa ya fi na tsohon itace taushi da ƙarfin ƙanshi, kuma ga shi a ƙasa, ko daga tsaye ka tsinka. Maman Emily ba ta da tabarmar rabo, ba ta da wa'azi. Mace ta shiga su gaisa, ta ce mata, "Shiga ki ɗiba, Inna," shi ke nan. Rani da damina duk ɗaya.

Daga nan Ɗalhatu ya fara ciwo, ciwon da ba a zuwa asibiti da shi. Hassada ce tsagwaronta, kuma na gane ta da wuri don na san kamanninta. Ya zauna a bencin shagona, idonsa na kan ƙofar maƙwabci. Duk matar da ta fito da ganye a gefen mayafi sai ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ya ce wannan ba turare ba ce, shuwaka ce. Ya ce ganyen da bai sha rana a sama ba ba ya magani. Ya ce ko ba komai iri nasa ne. Shekarar nan da ya yi gyara, kwandunan da suka zo ba su kai rabin na da ba, ragowar ganyen ya bushe a ƙofar gida har awaki suka gaji da shinshinawa.

Abin da ya ƙarasa shi a cikin gidansa ya faru. Da tsakiyar damina mura ta kwantar da shi, hanci ya toshe, murya ta dushe. Uwaliya ta tafasa ruwa ta lulluɓe shi da bargo. Ya shaƙa, ya shaƙa, kansa ya saki, har ya fara hamdala. Can sai ya tsaya cak a cikin bargon, don ya tuna bai hau tsani ba. Uwaliya ce ta ba ni labarin da kanta, tana yi tana dariya.

"Ya yaye bargo ya ce, 'Uwaliya, ina kika samo ganyen nan?' Na ce, 'Malam, ka warke ko ba ka warke ba?' Ya ce, 'Tambayarki nake.' Na ce, 'Wajen Maman Emily. Naka sai mai fuka-fuki.'"

Ita abin dariya ta ɗauke shi. Shi kuwa kwana da kwanaki bai ci tuwon kirki ba, kuma ya fi jin zafin cewa siracen ya yi masa aiki.

Da bazara ta zagayo ya shigo shagona ya ce zai sare babbar nan ta kusurwar gabas. Na ɗauka zolaya ce. Ya ce in 'yan sandunan Malam Bot sun yi wannan toho, to uwarsu fa? Kututturenta kaɗai ya isa ya ciyar da Kutama da ƙauyukan Kara da Jama'a da ganye. Na ajiye almakashi na ce, "Ɗalhatu, ka bar itacen nan. In kana son na ƙasa, dasa wasu." Ya ce shekarunsa ba na jiran dashe ba ne, kuma ni in tsaya a kan zare da allura.

Ya ɗauko masu inji daga Gwarzo. Suka hau da igiya suka riƙa sauke ta gunduwa-gunduwa, unguwa ta cika da ƙara da ƙanshi. Mutane suka tsaya cirko-cirko, wasu tsofaffi har da salati. Kafin la'asar sararin sama ya buɗe a inda ba mu saba ganinsa ba, gidan ya koma kamar wanda aka yi wa aski da ƙarfi. Ni da nake jin haushin itacen nan, sai ga shi na kasa kallon wurin.

Da farko kamar zai ci nasara. Ruwan fari na sauka, kututturen ya fashe da toho zagaye da bakinsa, masu kauri, sun fi na maƙwabci. Ɗalhatu ya dawo da fara'arsa, har yana jan mutane su shiga su gani. Sai dai hannun da ya shekara da shekaru yana murje toho ba ya iya zama lafiya. Ya dube su ya ga cunkoso, ya ga rashin tarbiyya. Tun ba su kai ƙugu ba ya zaɓi wanda ya fi miƙewa, ya ɗauko wuƙa ya fara cire sauran.

Malam Bot ya hango shi ta katanga. Ina wurin. Ya ce, "Baba, sannu da aiki. Don Allah ka bar su tukuna. Yanzu a ɓawo kawai suke manne, ba su kama itacen ba. Su suke tare wa juna iska. Sai sun shekara ake ragewa, kuma ba a barin guda ɗaya."

Ɗalhatu bai ko ɗago ba. Ya ce, "Malam, lokacin da na fara taɓa turare ba a yaye ka ba. Turare ƙafa ɗaya take yi."

Malam Bot ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Baba," ya koma cikin gidansa. Ni ma na so in yi magana, amma na san in na goyi bayan maƙwabci, ko guda ɗayan ma sai ya cire don haushi.

Tohon nan da ya rage shi kaɗai ya samu abincin kututture duka, ya yi ta zuƙewa sama, sirit, ganye ya yi masa nauyi a ka. Wata la'asar hadari ya taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Da aka ɗauke ruwa muka shiga, muka tarar da shi kwance a cikin taɓo, ya ɓalle daga gindi da ɓawonsa, kamar an cire haƙori. Ɗalhatu ya ɗaga shi ya mayar a gurbinsa ya riƙe, kamar zai manne. Ban yi masa tsiya ba ranar, kuma wannan shi ne karo na farko a rayuwarmu.

Tsohon kututture ba shi da ƙarfin yi sau biyu. Ya ɗan fito da wasu 'yan ƙanana, suka yi yaushi suka bushe. Ɗalhatu ya shafa taɓo da toka, ya yi ban ruwa, ya kewaye da ƙaya, duk a banza. Kafin wata bazarar gara ta shige shi, 'yan kurmin Malam Bot kuwa an rage su, sun zama dogayen sanduna, ga sabon ganye a ƙasa.

Yanzu direbobi sun daina cewa turare, sai dai su ce kwanar makaranta. Ɗalhatu yana nan, yana nomansa, ya sake cika wasu ledoji da ƙasa a bayan gida, ko da yake ya san ba shi zai hau tsaninsu ba. Yawanci da hantsi yana bencin shagona.

Kwanan baya muna zaune wani mutum ya tsaya a kan babur, daga Kabo ya ce yake, mahaifiyarsa ce ba ta jin daɗin ƙirjinta. Ya yi sallama, aka gaisa, aka tambayi hanya da iyali. Sannan ya dubi Ɗalhatu, don shi ne babba, ya ce, "Baba, don Allah ina ne gidan Mai Turare?"

Na tsayar da keken ɗinki. Ɗalhatu ya buɗe baki, ya dubi ƙofar gidansa, ya dubi sararin da ke samanta. Baƙon ya ɗauka bai ji ba, ya ƙara da cewa, "Wanda ake karɓar ganyen sirace."

Ɗalhatu ya ɗaga hannu a hankali ya nuna ƙofar Malam Bot.

Mutumin ya yi godiya ya tayar da babur. Sai da ya ja, Ɗalhatu ya miƙe tsaye da sauri, ya ɗaga murya ya ce, "Ni na ba shi irin!"

Ƙarar babur ta fi muryarsa, mutumin bai waiwayo ba. Ɗalhatu ya ɗan tsaya a haka, sannan ya dawo ya zauna, ya tambaye ni ko na gama masa facin wandonsa.