Kumfar da ke cikin allura

Abin da na fara lura da shi a ɗakin hoton ciki wata ƴar kwalba ce a kan tire, ba ta kai babban yatsana ba. Ina aji biyu na sakandare, kayan makaranta na jikina, da jinin Inna a gefen hijabina. Wata tifa ce ta daki keken da muke ciki a hanyar Kalambaina. Ni ƙujewa kawai na yi. Inna kuwa ta riƙe haƙarƙarinta na hagu, leɓenta ya yi fari.

Kawu, ƙanen Inna, shi ya kawo mu asibiti. Da za a yaye mata riga a duba cikinta sai ya tsaya bayan labule, aka bar ni ciki.

Likita ya shafa mata wani abu mai yauƙi, ya goga na'ura, ya daɗe yana kallon allon. Ya ce yana zargin saifarta ta tsage tana zubar jini, amma hoton bai nuna sosai ba. Sai ya ɗauki ƴar kwalbar ya yi mana bayani a hankali. Ya ce ruwan ciki cike yake da kumfa ƙanana da ido ba ya gani, kowace a lulluɓe da ɓawo siriri kamar leda. In suka bi jini sai su yi haske a allon, a ga inda ke yoyo. Daga baya su narke, iskar ta fita ta numfashi.

Kawu bai ji wannan ba. Kiwon raguna yake yi a Arkilla, da kansa yake musu allura, kuma kullum sai ya ƙyasta sirinji da farce har ƙwayar iska ta ƙarshe ta fita. Na ga idonsa ta tsagar labule lokacin da likita ke girgiza kwalbar, ruwan ya koma fari kamar madara. Na san abin da yake tunani. Likita na zuƙar ruwan a sirinji sai na ji muryar Kawu.

“Mi kaka yi? Iska za ka ɗura mata?”

Kafin likita ya juyo, Kawu ya fizgo labulen har da ƙarfensa. Ya damƙi wuyan rigarsa ya buga shi da bango, ya kai masa naushi a hanci. Sirinjin ya faɗi, takalmin Kawu ya murƙushe shi. Wata nas ta shiga tsakani, gwiwar hannunsa ta same ta a baki. Tire ya kife. Inna ta yunƙura za ta tashi, ta yi wata ƙara, ta koma ta kwanta.

Masu gadi biyu suka shigo da kulake. Sun buga masa a kafaɗa da ƙwauri, suka ja shi a ƙasa, yana cewa, “Ko rago ba a yi mai haka. Yayata ce.”

Likita ya fita ya zauna a benci, ya toshe hanci da auduga. Nas ta tofar da jini a kwano, ta ce mini kwalba ɗaya ta rage a kwalin, kuma ba ta jin zai sake shiga ɗakin. Na taɓa ƙafar Inna, na ji ta yi sanyi.

Ban taɓa fara yi wa babba magana ba, ko a aji ba na ɗaga hannu. Na je na durƙusa gaban bencin, ina kallon ɗigon jini a takalminsa.

“Likita, ni na ji bayanin kumfar,” na ce. “Don Allah ka koma ka dubi Inna. Ni zan riƙe ƙofa.”