Rigar da Gwaggo Dije Ta Rataye a Kife

Ina cikin abra, ƙaramin jirgin ruwan fito na Dubai, tsakiyar ruwa tsakanin Deira da Bur Dubai, wayata ta yi ƙara. Rifkatu ce, ma'aikaciyar jinya ’yar Kafanchan da suke fulat ɗaya da Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina. Ta tambaye ni ko a zaune nake, na ce eh. Sai ta ce, “Maryam, sai haƙuri. Gwaggonki ta rasu.” Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na riƙe katakon jirgin da hannu biyu har muka kai gaɓa.

Na daɗe ina jin tsoron rubuta wannan, don ba na son in ƙara mata ko in rage. Abin da na gani zan faɗa. Wanda ban sani ba, zan ce ban sani ba.

Gwaggo tela ce. Tana aiki a wata makaranta da ake koya wa yara mata bale, rawar Turawan nan da ake yi a kan ’yan yatsun ƙafa. Ɗakinta yana can baya, daga ita sai keke, allura da almakashi. Da na gama karatun zanen tufafi a bara, ita ta nema mini gurbin mataimakiya a wurin. Idan na yi gaggawa takan ce, “Shwayya shwayya, a hankali, ba kwantena kike lodi ba.” Idan na miƙa mata ɗinki ina jiran yabo, ba ta duban fuskarsa. “Juya cikin. Waje na ’yan kallo ne.” Na sha ganin ta durƙusa tana sassauta wa yarinya maɓalli tun yarinyar ba ta ce ya matse ta ba, daga numfashinta take ganewa.

A ɗakin kwananta akwai wata tsohuwar riga. Tsohuwar da ta kafa makarantar ce ta ba ta ita ranar da za ta koma ƙasarsu, ta ce a cikinta ta yi wasa tun tana budurwa, kuma ita ma gadonta ta yi. Shekarar da aka ɗinka ta ban sani ba. Samanta yadi ne mai kauri da duwatsun gilas, duk ɗinkin hannu. Ƙasanta raga ce hawa-hawa, a buɗe kamar faifai. Gwaggo ta ce a da sukan yi ado mai nauyi don na can bayan zaure ma ya ga ƙyalli, mai rawa kuwa ta sha nauyin tana murmushi. A kife take rataye ta, sama a ƙasa, don idan aka rataye ta daidai ragar za ta saki, ba ta kuma tashi. Ta ce mini, ba sau ɗaya ba, rigar ta Zainab ce, ’yarta da ke koyon ɗinki a Kano.

Baffa Sule, yayan Gwaggo da mahaifina, yana gari lokacin, ya zo sayen kaya a Murshid Bazaar. Shi ya tsaya a kan komai har aka yi mata sutura, Allah ya saka masa. Amma a wurin gaisuwa na lura ba ya kallona. Rifkatu ce ta ja ni kicin ta faɗa mini dalili. Wani ɗan kasuwa ya tambayi inda marigayiya take aiki, wani ya amsa masa da cewa gidan rawa. Maganar ta riga ta isa Kano. Duk mai jin Hausa ya san abin da kalmar nan take ɗauke da shi, kuma Zainab ta ji.

Ranar da muka zo haɗa kayan Gwaggo, Baffa ya buɗe sif ya ga rigar. Kafin ya yi magana sai da ya sauke ta ya miƙar da ita daidai, yadda muke juya takalmi idan ya kife. Sannan ya ce wannan ba za ta shiga kayan da za a aika Kano ba, ba zai kai wa marainiya abin da zai tabbatar da zancen mutane ba. Ya ce Rifkatu ta samo leda a sauke ta wurin shara.

Ban taɓa mayar wa Baffa magana ba. Na durƙusa na ce, “Baffa, ka yi haƙuri, ba gidan rawa ba ne. Makaranta ce. Gwaggo ba ta taɓa hawa dandali ba, ni shaida ce a kan abin da na gani.”

“Ke da kika zo jiya? Kafin ki zo fa?”

Na ce kafin in zo ban gani ba, ba zan rantse a kai ba. Ya yi wata dariya marar daɗi, na ji kamar da hannuna na miƙa masa ledar. Abu ɗaya ya rage mini. Na ce, “Baffa, juya cikin.”

Da ya juya, gyare-gyarenta suka bayyana, ƙananan faci da ta yi ta bi shekara da shekaru, kowanne ta rufe shi da ƙulli biyu a jere kamar idon tsuntsu. Haka mahaifiyarsu take rufe ɗinkin hula, Gwaggo ce ta gaya mini. Baffa ya sa hannu a aljihun rigarsa, wanda take ɗinke masa duk zuwa saboda yana yaga shi da makullai. Ya shafa cikinsa da babban yatsa.

Ban ji ya janye maganarsa ba, don haka ba zan rubuta cewa ya janye ba. Abin da na gani shi ne, washegari a Murshid ya hana masu ɗaurin kaya matse rigar cikin dila, ya sa aka buga mata akwatin katako. Da ɗaya daga cikinsu ya ɗaga ta yana dariya yana tambayar ta wace amarya ce, Baffa ya ce, “Khalas, malam. Aikin ƙanwata ne. Kife ta, haka ake ajiye ta.” A gabana ya kira Zainab, ya ce akwai kayan mahaifiyarta na makaranta a hanya, idan sun iso ta fara duba cikin.

Allah ya jiƙan Gwaggo Dije, ya suturta ta kamar yadda ta suturta ’ya’yan mutane, ya yafe mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Allah ya ba Zainab haƙuri, ya sa albarka a hannunta. Ya ba Baffa da mahaifina juriyar rashi, ya saka wa Rifkatu da alheri. Mu kuma ya kiyaye harsunanmu a kan wanda ba ya nan balle ya kare kansa. Amin.